Daga kan Dutsen Muƙaɗɗam na kira Kaka a Daura

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ga ni a kan Dutsen Muƙaɗɗam, ku duba bayana, Alƙahira ce a shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Abokina ɗan Masar da ya kawo ni nan ya ce sunan dutsen na nufin abin da aka datse, kuma in kun dubi gefensa za ku ga dalili. Sai ya ce, to kai fa, me ake nufi da Daura?

Na ba shi amsa a gurguje, amma raina bai kwanta ba. Nan take na kira Kaka ta bidiyo, na same ta a tsakar gida kan tabarma.

Ta ce, "Maigida, Daura ai sunan mace ne." Magajiya Daurama ce ta taso daga Tsohon Birni ta kafa garin, aka kira shi da sunanta. A zamaninta Bayajidda ya kashe macijin rijiyar Kusugu, wanda ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Ita ma Katsina, in ji Kaka, 'yar gidan sarautar Daura ce da ta auri Janzama, sarkin Durbawa. Wallahi wannan ya tsaya mini a rai. Manyan biranenmu biyu, duk sunan mata suke amsawa, muna faɗa kullum ba mu lura ba.

Durbi ta Kusheyi da ke wajen Mani kuwa sunanta bai ɓoye komai ba. Kusheyi kaburbura ne, tuddan da aka binne sarakunan zamanin da a cikinsu suna nan. Dutsin-Ma kuma maharbi ne mai suna Ma ya zauna a kan dutsen, jama'a suka taru a gindinsa saboda ruwa.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne na itatuwa. Baure, Rimi, Mai'aduwa. Wani ya samu inuwa ya sauke kaya, gari ya tashi. Zango ma ai masaukin fatake ne.

Tana shirin faɗa mini na ƙauyensu sai layi ya yanke. Da hutun Sallah, in Allah Ya yarda, da kyamarar nan zan zauna gabanta. Ga kiran magariba nan an fara, bari in sauka.