Darasin Noma da Lafiya: Dafin Funfuna a Gyaɗa da Masara

Assalamu alaikum masu saurare, manoman Daura, Mai'adua, Zango, har mutanen Funtuwa masu masara, barkanku da kaka. Yau maganar funfuna za mu yi, wannan kore-koren da ke kama gyaɗa in ta sha danshi, ka tauna ƙwaya ɗaya ka ji ɗaci ka tofar. To ita funfunar nan tana fitar da wani dafi, masana na ce mashi afulatoksin, kuma matsalar shi ba ya mutuwa da wuta, ko ki soya ko ki dafa ko ki dama kunu yana nan daram.

An gano shi ne a Ingila a 1960, lokacin da talotalo wajen dubu ɗari suka mace, da aka bi diddigi ashe tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Barazil. A Kenya ma a 2004 mutum 125 suka rasu bayan sun ci masarar da ta yi funfuna. Amma mu abin da ya fi damun mu shi ne na kaɗan-kaɗan ɗin nan, kullum ana ci ba a sani ba, yana cin hanta a hankali har ya kai ga cutar kansa, wato ciwon daji, in kuwa mutum dama yana da ciwon hanta nau'in B to haɗarin ya ninka sosai, yara kuma yana tauye masu girma.

To mi za a yi? Tun daga gona ake farawa. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi wani abu ana ce mashi Aflasafe, ƙwayar dawa ce shuɗiya da aka shafe da irin funfunar da ba ta da dafi, ka watsa kilo 10 a hekta guda sati biyu zuwa ukku kafin amfani ya yi fure, sai marar dafin ta rigayi mai dafin kama wuri. Dabara ce mai kyau wallahi, sai dai ba kowane ƙauye ake samun shi ba.

Wanda ke hannun kowa shi ne shanya. Don Allah a bar zube gyaɗa a ƙasa tsirara ko bakin kwalta, a shimfiɗa tamfol, da yamma a tattare kafin raɓa ta sauka. Ka girgiza kwanso, in ka ji ƙwayar na kacau-kacau a ciki ta bushe. Masara kuma ga gwaji mai sauƙi, ka samu kwalba busassa, ka zuba masara da busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza ka ɗan bar ta, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da saura, mayar da ita rana. Buhu kuma a ɗora bisa katako, kar ya jingina da bango.

Sai ku iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli, nan ne nake da magana. Gyaɗar nan da aka tsince, ƴan motsattsu da baƙaƙe da masu huda, ita ce ake saidawa da araha a ce ai ta ƙuli ce, alhali dafin a cikinta ya fi taruwa, kuma in an matse mai yawancin shi a tunkuza yake zama, ita ce kuma yara ke gurgura a hanyar makaranta. Kar kuma a ce bari a ba saniya, yana fitowa a nono. A haƙa rami a binne ta kawai.

Duk mai tambaya sai ya turo saƙo, sati mai zuwa za mu shiga maganar buhun PICS, wato buhun nan mai hana iska shiga, da ajiyar wake.