Yadda wuta ke tsallakawa daga ɗigo zuwa ɗigo: laccar da aka gabatar a Jos

Assalamu alaikum. Sannunku da sanyin Jos. Na baya, kuna jina? Madalla. Abubuwa uku zan taɓa, in lokaci ya bari.

Na farko, mai ba ya cin wuta yana ruwa, tururinsa ne ke ci. Iyayenmu mata da ke kunna risho sun riga mu sani: lagwani ya jawo kananzir, zafi ya mai da shi tururi, sannan wuta ta kama. Injin gas, wato na dizal, ba shi da lagwani, feshi yake yi. Nozul ta watsa man ya zama ƙananan ɗigo, kowanne sai ya tururo kafin ya ƙone. Tun 1953 masana biyu, Godsave da Spalding, suka nuna cewa in ka ninka faɗin ɗigo sau biyu, lokacin ƙonewarsa zai ninka sau huɗu. Huɗu fa, ba biyu ba.

To ga inda nake so. A 1954, Burgoyne da Cohen a Ingila suka yi hazon mai, suka cinna masa wuta. Ɗigon da bai kai maikiron 10 ba, wato ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, tururewa yake kafin wutar ta iso, sai harshen ya tafi a shimfiɗe kamar na iskar girki. Amma da ɗigo ya wuce maikiron 40, sai labari ya canza. Kowane ɗigo ya yi tasa wutar, ya ɗumama maƙwabcinsa, shi ma ya kama. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Terminus a 2002, Allah ya kiyaye na gaba, sun san yadda wuta ke bi rumfa zuwa rumfa. In akwai tazara, ta tsaya. In ɗigon sun cunkushe kuma, iska ba ta shiga tsakiya, sai wutar ta zagaye taron gaba ɗaya. Wannan Chiu da Liu suka yi wa lissafi a 1977. Ɗigo guda, maƙwabci guda, tazara. Shi ke nan fa, amma ya hana mu barci.

Na uku... au, ban yi na biyu ba? To ku haɗa su. A kwamfuta, mukan yanka cikin silindar inji gida-gida, mu lissafa zafi da gudun iska a kowane gida. Ɗigon kuma mu bi shi kamar makiyayi da shanunsa. Da yake miliyoyi ne, sai mu ɗaure su garke-garke, ɗaya ya wakilci saura. Kada a manta, ɗigo yana shan zafin iskar da ke kewaye da shi yayin tururewa, wani lokaci har ya rage wa wutar gudu. OpenFOAM, manhajar da ake yin wannan lissafi da ita, kyauta ce, ɗalibai, matsalar dai wutar lantarki ta kai ku ƙarshen lissafin.

Na'am, Baba? Ku miƙa masa abin magana.

"Ranka ya daɗe, ni bakanike ne. Me ya sa tirela ke tuƙa baƙin hayaƙi in tana hawowa Jos?"

Yauwa Baba, ka gama min laccar. Jos ta kai kusan mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba. Direba ya taka, man ya ƙaru, iska ba ta ƙaru ba. In nozul ta cinye kuma, ɗigon manya ne, tsakiyar feshin ya rasa iska, sai ya dahu ya zama kunkunniya maimakon ya ƙone. Ka fara duba nozul da matatar iska kafin ka taɓa famfon mai. Akwai wani hannun can?