Gorar da Aka Ɗebo Ruwan da Ita

[Hoto: bakin rijiya, ana jan guga]

Jama'a, tun da aka fara yawo da bidiyon gwajin ruwan nan a WhatsApp, saƙon da nake samu guda ne: "Malam, in cika gorar lemo in aiko a auna mini dalma?" A'a. Ajiye gorar tukuna.

Ba wanda zai ga laifin mai tsoro. Mu a Zamfara mun ga 2010, mun ga Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka tafi, galibi saboda gubar dalma da ke cikin ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje.

Amma ku ji ƙanƙantar abin da ake nema. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha ita ce maikrogiram 10 a lita guda. Wato dalma kamar ƙwayar gujiya, a narke cikin ruwan da zai cika tankar man fetur guda talatin. A teku ma abin ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Shi ya sa wani masani a Amurka, Clair Patterson, ya gano cewa alƙaluman dalma da aka daɗe ana bugawa kan ruwan teku, yawancinsu dauɗar jirgi ce da kayan ɗiba, ba ta tekun ba. Manyan farfesoshi fa, sun shekara suna auna ƙazantar hannunsu!

[Hoto: mutum biyu da safar hannu]

To ga inda gizo ke saƙar. Gorar da masu gwaji ke ɗiban ruwa da ita ta kwana a jiƙe cikin asid, an ɗauraye ta, an ƙulle cikin leda biyu. Mutum biyu ke ɗiban ruwan: na farko gora kaɗai yake taɓawa. Na biyu shi ke da guga, igiya da ledar waje. Ko tabarau ya zame wa na farko, sai dai ya yi haƙuri.

Sai a tace, a ɗiga asid kaɗan. In ba a ɗiga ba, dalma na manne wa jikin roba, sakamako ya fito ƙasa, ka koma gida kana murna a banza.

Akwai kuma gora ta biyu, mai tsarkakakken ruwa daga ɗakin gwaji, 'yar rakiya. Ni a ganina ta fi injin awon daraja. In aka auna ta aka ga dalma, alama ce dauɗa ta shiga wajen aikin, aikin ranar duk ya tashi.

Sauran kuma na inji ne: ya zuƙa, ya ƙona, lamba ta fito a kwamfuta.

Wanda zai auna maka rijiya, fara tambayarsa ina gorarsa ta biyu.