Tsohon tsiro: mutuwa ya yi, ko zafi ne ya kashe shi?

Tambayar da ke ta yawo kwanan nan ita ce: tsiron dawa ko na shinkafa (hatsin da aka jiƙa ya tsiro aka shanya) da ya yi wata takwas, ko ma shekara, a ajiye, zai iya sa kunu ya yi zaƙi kuwa? Zai iya, muddin a bushe aka adana shi. Yawancin kunun da ke fitowa lami, da kauri kamar talge, ba tsufan tsiro ba ne ya jawo, a wajen haɗawa aka samu matsala.

Amma fara duba shi tukuna, uwargida. Ɗauki ƙwaya ɗaya ki ciza. In ta fashe ƙaras, cikinta fari kamar alli, lafiya lau. In ta yi taushi tana lanƙwasa, ta sha danshin damina. Sai ki shinshina. Kin ga kore-kore ko baƙi-baƙi a jikinsa? Fumfuna ce. Zubar da shi gaba ɗaya, ko kaji kada ki ba, domin tafasawa ba ta kashe gubar da fumfuna ke bari a hatsi. Wanda aka riga aka niƙa kuma ya fi saurin lalacewa, shi ya sa na fi son a ajiye shi ƙwaya, a niƙa ranar da za a yi aiki.

Jiƙa gero, wankewa, markaɗawa da citta da kanumfari, duk kin san su.

To, a nan za mu tsaya. Abin da ke cikin tsiro sinadari ne da ake kira amiles, shi ke yanka sitacin hatsi ya mai da shi sukari. Sharaɗi biyu gare shi. Sai sitacin ya dahu yake iya taɓa shi da kyau, sitacin dawa da gero kuwa ba ya dahuwa sai zafi ya kai wajen digiri 70 zuwa sama. Shi kuma sinadarin ya fi aiki tsakanin digiri 60 da 70, da ya wuce 80 ya soma mutuwa. Wato zafin da ke dafa ƙullu shi ne mai kashe tsiro. Kamfanonin giya da na lemon malt a Najeriya sun ci karo da wannan a 1988, lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir suka koma ga dawa. Iyayenmu mata sun daɗe da maganinsa: a raba ƙullu biyu.

Kashi mafi yawa ki sheƙa masa tafasasshen ruwa, ki dama har ya yi kauri. Sannan ki dakata. Kada ki zuba tsiro yana cikin tururi. Ki riƙa juyawa har ya ɗan huce, tururin ya ragu. Mai ma'aunin zafi ta nemi digiri 65. Yanzu ki dama garin tsiron da ɗanyen ƙullun da kika rage, ki juye, ki gauraya, ki rufe tukunyar da bargo. Sabon tsiro yana da ƙarfin da ko rabi ya ƙone sauran zai yi aiki. Tsoho ba shi da wannan rarar, kuskure kaɗan ya ishe shi.

Kafin ki yi asarar mudu guda, gwada a kofi. Kofi ɗaya na koko mai kauri, mai ɗumin da muka faɗa, da cokali ɗaya na garin tsiro. Ki gauraya, ki tsayar da cokali a ciki. Bayan minti goma sha biyar ki duba ko ya kwanta, kokon ya tsinke, a baki kuma akwai zaƙi-zaƙi. In haka ta faru, tsiron na da rai ke nan. In sai bayan rabin awa ya fara sakewa, ya yi rauni: maimakon awo ɗaya na tsiro ga awo goma na gero, ki sa biyu, ki ƙara busasshen dankalin Hausa a markaɗe, shi ma yana ɗauke da irin wannan sinadari. In bai motsa ba sam, ki yi sabo: jiƙa dawa kwana ɗaya, shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu kwana uku zuwa huɗu ana yayyafa ruwa safe da yamma, sai shanya.

Ki bar haɗin ya kwana, kamar awa takwas, ki tace da sassafe. Kada ki ce tunda tsiron tsoho ne bari ya ƙara kwana. Sukarin da ya fito shi ne abincin ƙwayoyin da ke sa tsami, bayansu kuma masu mai da shi barasa, hanyar da masu burkutu ke bi ke nan da gangan. Kina gama tacewa ki ɗanɗana kafin ki sa sukari, ki ɗura a gora, sai firji ko cikin ƙanƙara.