Nisan da Ke Tsakanin Mai Saye da Shafinka: Yadda CDN Ke Aiki

Assalamu alaikum, masu kallonmu.

Mu ɗauka akwai wata 'yar kasuwa a unguwar Badariya da ke Birnin Kebbi, tana sayar da atamfa da leshi da turaren wuta, kuma ta biya kuɗi an buɗe mata shafin intanet domin kayanta su wuce iyakar garin. Wata mata a Gusau ta ga tallar a WhatsApp ana saura kwana goma Sallah, sai ta danna. Fuskar wayarta ta yi fari fat, wani ɗan da'ira yana ta juyawa a tsakiya, can sai saman hoton leshin ya bayyana, ƙasansa kuwa shiru. Ta ɗan jira, ta sake dannawa, daga nan ta koma inda ta fito ta ci gaba da duba tallar wasu. Abin da ya fi ciwo a nan shi ne mai kayan ba za ta taɓa sanin an zo an koma ba, domin wanda ya leƙo shago a kasuwa ya juya mai shago yana ganinsa, har ya kira shi ya rage masa farashi, amma wanda ya gaji da jiran shafi ba ya barin sawu.

Yawancinmu kan ɗora laifin a kan sabis, kuma sau da yawa da gaskiyarmu. Sai dai akwai wani dalili na biyu da ba a cika lura da shi ba, wato nisa.

Kowane shafin intanet yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ake kira saba, kuma shafukan 'yan kasuwarmu da dama sabarsu tana Turai ko Amurka, saboda a can masu haɗa shafi suka fi samun haya mai sauƙi. Idan matar nan ta Gusau ta danna, saƙonta zai tashi daga wayarta zuwa turken kamfanin sadarwa, ya bi wayoyin ƙarƙashin ƙasa zuwa Legas, sannan ya shiga ɗaya daga cikin wayoyin da aka shimfiɗa a ƙasan teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, ko Equiano na kamfanin Google da ya iso Legas a 2022. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya cikin irin waɗannan wayoyi. Tsakanin Legas da Landan kuwa akwai kimanin kilomita 5,000 a miƙe, wayar kuma ba a miƙe take tafiya ba, sai ta zagaye gaɓar Afirka ta Yamma, saboda haka zuwa da dawowa kan ci wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa.

Wani zai ce ai wannan ko ƙiftawar ido bai kai ba. Haka ne, da a ce tafiya ɗaya ce. Amma kafin saba ta miƙo ko harafi guda, dole ita da wayar su gaisa tukuna: a buɗe layi, a amince da makullin sirri da zai kare bayanan mai saye, sannan a faɗi abin da aka zo nema, kuma kowane mataki zuwa ne da dawowa. Bayan haka shafin kansa ba abu guda ba ne, tarin hotuna ne da rubutu da fayilolin da ke tsara launi da fasali, waɗanda kan kai gommai. Idan aka tara waɗannan tafiye-tafiye, aka haɗa da raunin sabis na yammacin ranar kasuwa, sai ƙiftawar ido ta zama daƙiƙa biyar ko fiye.

A nan ne tsarin da ake kira CDN ya shigo, kuma duk ɗan Kebbi ya riga ya san dabararsa ko da bai taɓa jin sunan ba. Mai son shinkafar Argungu a Kano ba ya hawa mota zuwa Argungu duk lokacin da zai sayi mudu biyu. Dila ne ke ɗauko tirela guda ya sauke a sito a kasuwar Singa, kowa ya saya a kusa da gida. CDN tarin sabobi ne da wani kamfani ya baza a biranen duniya, aikinsu su riƙe kwafin hotuna da bidiyo da sauran fayilolin shafinka, su miƙa wa duk wanda ya fi kusa da su. Mutum na farko da ya nemi hoton leshin nan daga Najeriya, sabar da ke Legas za ta je Turai ta ɗauko masa, ta kuma ajiye kwafi. Na biyu da na dubu duk daga Legas za a ba su, gaisuwar nan ta farko ma a Legas za ta ƙare. Inda ya ɗara sito shi ne buhu yana ƙarewa idan an saya, kwafin hoto kuwa ko mutum miliyan ne suka karɓa yana nan yadda yake.

Kamfanin Akamai, wanda Tom Leighton da Danny Lewin na jami'ar MIT da ke Amurka suka kafa a 1998, yana cikin waɗanda suka fara mayar da wannan dabara sana'a. A yau wasu masu wannan sana'a, irin su Cloudflare da CloudFront na kamfanin Amazon, duk suna da sabobi a Legas. Akwai kuma cibiyar IXPN da aka kafa a 2006, inda kamfanonin sadarwar ƙasar nan ke musayar bayanai kai tsaye a tsakaninsu ba tare da an bi ta ƙetare ba. Wannan ne ma ya sa za ka ga bidiyon YouTube ya buɗe a wayarka alhali shafin ɗan ƙaramin shago ya ƙi, domin Google, mai YouTube, ya daɗe yana ajiye kwafin bidiyonsa a cikin kamfanonin sadarwa su kansu. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma har wasu bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata, mutane da yawa sun gane bambancin abin da ke da kwafi a cikin gida da abin da sai an tsallaka teku.

To, ina ruwan ciniki da wannan? A 2016 Google ya fitar da binciken da ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu buɗe shafi a waya kan bar shi idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba, kuma tun watan Yulin 2018 saurin shafi a waya ya shiga cikin abubuwan da yake dubawa wajen jera sakamakon bincike. Ke nan shafi mai nauyi yana asara sau biyu, ba a cika ganinsa ba, wanda ya gan shi kuma ba ya tsayawa. A wajenmu akwai ta uku, wadda a ganina ta fi sauran muhimmanci, ita ce data. Hoton da aka ɗauka da waya kan kai megabayit 3 ko 4, kuma idan guda ashirin ne a shafi, mai saye da ya sa datar naira ɗari biyar yana kallon kuɗinsa na zurarewa kafin ya ga farashi. Yawancin kamfanonin CDN suna iya matse hoto su rage masa nauyi ninki da yawa ba tare da ido ya ga bambanci ba, su kuma aika wa ƙaramar waya ƙaramin hoto. Haka nan idan talla ta karɓu mutane suka yi ca a lokaci guda, kamar a jajiberin Sallah ko lokacin bikin kamun kifi na Argungu, sabobinsu ne ke ɗaukar cunkoson, ƙaramar sabarka ba ta durƙushe ba.

Wajibi ne kuma mu faɗi inda ƙarfin CDN ya tsaya, domin kada a sayar wa kowa da abin da ba haka yake ba. Legas tana da nisan fiye da kilomita 600 daga Birnin Kebbi, kuma duk abin da ya faru tsakanin turken sadarwa da wayar mai saye, CDN ba shi da iko a kai. Mutanen Zamfara sun ga haka a watan Satumban 2021 da aka rufe layukan sadarwa a jihar, lokacin da babu wata dabara da za ta buɗe shafi. Kwandon sayayya da biyan kuɗi da lissafin kayan da suka rage su ma ba a ajiye kwafinsu, tunda na kowane mutum daban ne, dole a koma wa sabar asali. Su kansu kamfanonin CDN sukan samu matsala, kamar yadda ta faru da Fastly ranar 8 ga Yunin 2021, inda manyan shafuka a duniya suka ɗauke na kusan awa guda.

Wanda kasuwancinsa gaba ɗaya yake a Instagram ko Facebook ba ya bukatar yin komai, domin kamfanin Meta yana da nasa tsarin. Mai shafin kansa kuwa ya tambayi wanda ya haɗa masa: a wace ƙasa saba take, an ɗora shafin a kan CDN, kuma ana matse hotuna? Cloudflare yana da tsarin kyauta da ya ishi ƙaramin shago. Sannan ya nemi a nuna masa yadda ake share tsohon kwafi, domin idan 'yar kasuwar nan ta Badariya ta sauya farashin leshi ko ta canja hoto, sabar Legas za ta iya ci gaba da nuna tsohon har wa'adin da aka sa mata ya cika, mai saye ya turo kuɗin jiya a kan kayan yau. Bayan an gama, kada a gwada shafin a kwamfutar ofis. A ba wani ɗan'uwa da ke Jega ko Kamba adireshin, ya buɗe a ƙaramar wayarsa da datar da ya saba saye, ya ƙirga daƙiƙa nawa hoton farko ya ɗauka kafin ya fito cikakke.