Direban da ke aiki kafin kowa ya farka

Assalamu alaikum. Malamaina da ke sahun gaba, ina gaisuwa. Ƙannena ɗalibai, sannunku da jure ranar Tahoua.

Ku dubi ɗan allon lantarkin da ke hannuna, bai fi tafin hannu ba. Irinsa ne a cikin akwatin intanet na gida. In aka ba shi wuta, Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da shi, ba ya tashi nan take. Akwai ƴar manhaja da ke riga shi farkawa, ita ake kira butloda. Wadda muka fi aiki da ita U-Boot ce, ta Wolfgang Denk na Jamus. Da sunan PPCBoot aka san ta a da, sai a 2002 ta samu sunanta na yau.

Lokacin da take farkawa, gida duhu ne. Ko RAM, wato ma'ajiyar da manhaja ke aiki a ciki, bai tashi ba. Shi ya sa ake fara ɗora ƙaramin yankinta, SPL, a ƴar ma'ajiyar da ke cikin furosesa, ya saita agogo, ya tada RAM, ya jawo sauran. Kowane sashe kuwa sai da direbansa, wato ƴar manhajar da ta san harshensa. Ni dai UART nake fara rubuta wa, wato hanyar da allo ke aika rubutu zuwa kwamfuta. Waya uku ce: ta aikawa, ta karɓa, ta ƙasa, a gudun bit 115200 a daƙiƙa. Ran da harafin farko ya fito a kwamfutarka, ka samu fitila.

Bari in ba ku labarin kuskurena. Na taɓa rubuta direban katin SD na allon da ke kula da famfo mai aiki da hasken rana. Ƙa'ida ta ce a fara magana da kati a gudun da bai wuce kilohaz 400 ba, a yi ta aika masa umarnin ACMD41 har ya ce ya shirya, a ba shi har daƙiƙa ɗaya. Ni kuwa gaggawa ta ja ni, na sa jira ɗan kaɗan na wuce, tunda katin tebirina mai sauri ne. Da katin ya lalace a ƙauye, aka sayo wani a kasuwa, allo ya yi shiru. Kwana biyu mata na jan guga saboda layi huɗu da na ƙi rubutawa. Har yau abin na damuna.

To, rubutawa ba ita ce wahalar ba, riƙon ne. A 2014 U-Boot ta karɓi sabon tsarin direbobi da Simon Glass ya jagoranta: direba daban, bayanin allo daban a cikin bishiyar na'urori, wato fayil ɗin da ke lissafa sassan allo. Adireshin rajista da lambar fil ba a sake cusa su cikin direba. Allunan da masu su ba su koma wannan tsari ba, an yi ta cire su. Sabon bugun U-Boot kuma kusan duk wata uku yake zuwa.

Don haka, ƙannena, kada direbanku ya kwana a kwamfutarku kaɗai. Ku aika wa masu kula da U-Boot. Za su dawo muku da gyara, wataƙila sau uku, ku karɓa da hannu biyu. In ya shiga, duk wanda ya taɓa tsarin sai ya gyara har da naku.

Yanzu ku matso biyar-biyar. Ɗaya ya riƙe wayar ƙasa, zan ba allon wuta.