Larabci da Kantonanci: Harshen Baki da Harshen Alƙalami

Masu kallo, assalamu alaikum. A yau za mu kwatanta Larabci da Kantonanci, wato harshen da mutane kimanin miliyan 80 suke magana da shi a birnin Guangzhou da kewayensa a kudancin ƙasar Sin, da kuma Hong Kong da Macau. Babu dangantakar asali tsakanin harsunan biyu, domin Larabci ɗan gidan harsunan Afirka da Asiya ne, gidan da Hausa ma ta fito daga cikinsa, shi kuwa Kantonanci ɗan'uwan Mandarin ne, wato harshen hukuma na ƙasar Sin, a cikin harsunan Sin. Amma masu su sun daɗe da sanin juna, domin tun zamanin daular Tang, tsohuwar daular ƙasar Sin, fataken Larabawa suke sauka a Guangzhou, wadda suke kira Khanfu, kuma tsohon masallacin Huaisheng yana tsaye a birnin har yau.

Bari mu fara da ginin kalma. Larabci yana ɗaukar baƙaƙe uku su zama saiwa, sannan ya riƙa sauya wasula a tsakaninsu, ta yadda daga kaf da ta da ba ake samun kataba, wato ya rubuta, da katib, marubuci, da kitab, littafi, da maktaba, ɗakin karatu. A kan wannan sai jinsin namiji da mace, da tilo da tasniya da jam'i, da li'irabin ƙarshen kalma wanda duk ɗalibin nahawu ya san wahalarsa. Kantonanci bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kalmarsa ba ta sauya siffa, kuma idan ana son nuna cewa aiki ya kammala sai a biyo da kalmar "zo" bayan aikatau, idan kuma yana kan gudana a biyo da kalmar "gan".

Nauyinsa yana kan karin sauti. Gaɓa guda, si, tana iya nufin waƙa, ko tarihi, ko gwadawa, ko lokaci, ko kasuwa, ko al'amari, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka ko ta tsaya, domin karin sauti shida gare shi, alhali Mandarin huɗu ne. Balarabe zai sha mamakin wannan, tun da harshensa ba ya bambance ma'ana da kari, amma Bahaushe ya riga ya saba, domin da kunne kawai yake rarrabe fara mai cin amfanin gona da fara ta soma aiki. Haka kuma Kantonanci yana da ƙananan kalmomi irin su aa da laa da wo da ake rufe jimla da su don nuna lallashi ko mamaki ko jan kunne, aikin da dai da fa da kam suke yi mana.

A rubutu ma hanyoyinsu daban ne. Larabci yana da haruffa 28 da ake rubutawa daga dama zuwa hagu, yayin da mai karanta jarida a Hong Kong yake buƙatar alamomin Sinanci dubbai.

Inda suka yi kama, kuma a ganina nan ne darasin ya fi daɗi, shi ne cewa masu harsunan biyu abin da suke rubutawa daban, abin da suke faɗa daban. Yaro a Alƙahira yana koyon fusaha, wato daidaitaccen Larabci, a makaranta, ya rubuta kalmar Larabci "maza" idan zai tambayi mene ne, amma a gida eh zai ce, kamar yadda takwaransa na Beirut zai ce shu, na Khartum kuma ya ce shinu. Larabci ma yana cikin harsunan da masanin harsuna Charles Ferguson ya kafa hujja da su a shekarar 1959 lokacin da ya yi bayanin wannan hali. Yaron Hong Kong shi ma haka yake, domin yana rubuta daidaitaccen Sinanci wanda aka gina kan nahawun Mandarin, ya karanta shi da lafazin Kantonanci, ta yadda a takarda zai rubuta bat si don ya ce ba haka ba ne, amma da baki m hai zai ce.

Sai dai matsayin harsunan alƙalamin biyu ba ɗaya ba ne. Fusaha ba harshen uwa ba ce ga kowa, ba ta Masar ba ce, ba ta Maroko ba ce, ƙimarta daga Alƙur'ani da tsohon adabi ta samo, shi ya sa ƙasashen Larabawa 22 suka amince da ita, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta karɓi Larabci cikin harsunan aikinta a 1973. Mandarin kuwa rayayyen harshe ne da aka ɗora kan lafazin Beijing, wanda gwamnati take koyarwa a makarantun ƙasar baki ɗaya, saboda haka yana iya shiga har cikin gida ya ture harshen iyaye. Wannan tsoro ne ya fito da mutanen Guangzhou kan tituna a watan Yulin 2010, bayan an ba da shawarar a ƙara shirye-shiryen Mandarin a gidan talabijin na birnin a rage na Kantonanci. Abin takaici ne a ce akwai jikoki a birnin da kakanninsu suke yi musu Kantonanci suna amsawa da Mandarin.

Wayar hannu ta ba harshen baki filin da makaranta ta hana shi. Matasan Larabawa suna rubuta karin garinsu a saƙonni, wani lokaci da haruffan boko, su sa lamba 3 a madadin ain da 7 a madadin ha. Matasan Hong Kong kuma suna rubuta Kantonanci yadda suke furta shi, da alamomin da babu su a daidaitaccen rubutu, kuma tun 1993 akwai tsarin Jyutping da yake rubuta shi da haruffan boko, inda lambobi daga 1 zuwa 6 suke nuna karin sautin kowace gaɓa.